Dutsen da ke Ƙarƙashin Jirginmu

Shekara talatin da ɗaya ina shiga teku tare da mijina Olavo, amma ban taɓa damuwa in san inda muke ba. Ni sana'ata ɗinkin filafilai, manyan ƙyallayen nan da iska ke bugawa jirgi ya tafi. Da yawa cikin jiragen da ke yada zango a garinmu Mindelo kafin su tsallaka babban teku sun tafi da ɗinkina a bisa jigonsu. In mun fita da namu jirgin, Rabil, sai in ja igiya in ya ce in ja, in saki in ya ce in saki, in dafa kofi, in soya kachupar jiya, dafaffen masara da waken nan namu, da ƙwai. Sanin hanya nasa ne. Zai dubi kan dutse, ya dubi launin ruwa, ya leƙa kamfas, ya ce ƙarfe kaza za mu isa, kuma ƙarfe kazan muke isa.

Sai yanar ido ta sauko masa a idanu biyu. Da farko ya ɓoye mini. Na gane ne ranar da na ga ya ɗaga wa turken fitila hannu a bakin gaɓa yana yi masa ina kwana. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, amma akwai layi, sai an yi haƙurin watanni.

Ana cikin wannan jira yayarsa Perpetua ta aiko daga tsibirin Sao Nicolau. Za a yi wa tattaɓa-kunnenta baftisma cikin watan Maris, in Olavo bai zo ba kada ya wahalar da kansa zuwa jana'izarta. Na ce to, sai mu hau babban jirgin fasinja kamar kowa.

"Ni?" in ji shi. "In zauna a kujera da ledar amai a hannu? A tashar da aka san ubana?"

Muka yi kwana uku muna jan wannan magana, har 'yarmu Idalina ta kira daga Rotterdam, inda take aikin jinya. Ita ba ta jan magana.

"Baba, hannunka lafiya lau, idonka ne ba lafiya. Kai ka riƙe tuƙi, Mama ta riƙe hanya. A saya mata kwamfutar hannu mai taswirar teku. In ba haka ba, na fasinja."

"Uwarki ko taswirar gari ba ta taɓa buɗewa ba."

"Wa ya taɓa ba ta?"

Washegari da safe Olavo ya ce in sa takalmi mu je wurin Epifanio.

Epifanio mai gyaran rediyon jirage ne, shi ya tsaya wa Idalina a baftisma, don haka kumpadre muke ce masa, shi kuma ya ce mini kumadre. Ya saurare mu yana sosa ƙeya da sukudireba, ya ce mu dawo jibi da tsakar rana, kada mu zo da safe, kada mu zo da yamma. Da muka dawo, mun tarar ya aro kwamfutocin hannu guda uku daga shagon wani ɗan'uwan matarsa, ya jera su a kan akwatin kifi a bakin gaɓa, inda babu ko inuwar tsinke.

"Ba a zaɓen wannan abu a cikin shago, kumadre," ya ce mini. "A inuwa kowane allo haske gare shi."

Na farko faffaɗa ne siriri kamar tiren shayi, shi Idalina ta aiko da hotonsa ta ce irinsa take da shi. Na biyu ƙarami, marar nauyi, zai shiga aljihun gaban rigata. Na uku mummuna ne, mai kauri, an naɗe gefensa da baƙar roba, irin wanda masu aikin gini ke riƙewa. Tun kafin a kunna su na riga na zaɓi na farko a zuciyata. Ina ta hango fuskokin jikokina a kansa, manya-manya.

Ƙaramin ya fara faɗuwa. Da rana ta doke shi sai ya koma madubi, ba abin da nake gani sai fuskata da furfurata. Bayan ɗan lokaci ya yi zafi, ya rubuto cewa zai huta sai ya huce.

"Me ya ce?" in ji Olavo.

"Wai zai huta."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da rabi."

"Wannan ma'aikacin ofis ne, ku mayar da shi."

Sai aka zo kan yatsuna. Allura da zaren kakin zuma sun yi mini kanta a babban yatsa da manuni, ta yi tauri kamar tafin ƙafa. Na taɓa faffaɗan nan, ko gezau bai yi ba. Na danna, shiru. Sai da na sa ɗan ƙaramin yatsa kamar mai shan shayi a gidan gwamna sannan ya amsa. Epifanio ya ɗebo ruwan teku a tafinsa ya yayyafa a kan biyun da suka rage. Faffaɗan ya haukace, ya shiga buɗe shafuka da kansa yana rufewa. Mai kaurin ya tsaya yadda yake, kuma yana da maɓallai na gaske a gefe, waɗanda ake ji a ƙarƙashin yatsa.

Duk da haka ban saki ba. Na ce ai zan ɗinka masa riga, ruwa ba zai taɓa shi ba.

"To, ku shigo," in ji Epifanio, ya janyo ƙaramin kwalekwalensa.

Yana tuƙa mu zuwa tsakiyar ruwan tashar jirage yana bayani. A kan taswira akwai ɗigo shuɗi, wannan ɗigon mu ne. Wasu allunan ba su san inda suke da kansu ba, tambaya suke yi wurin intanet ɗin gidaje da shagunan da ke kewaye. In gari ya yi nisa sun zama marayu. Wasu kuma suna da nasu kunnen da ke sauraron taurarin ɗan'adam kai tsaye, ko babu sabis, ko babu layi a ciki. Ya ce mai shago ba zai gaya miki wannan ba, sau da yawa shi ma bai sani ba.

Na riƙe su biyu a cinya. A kan mai kaurin, ɗigon ya biyo mu, ya ratsa tsakanin jiragen da ke kan anka, har ya nuna hancinsa ya juya sa'ad da Epifanio ya juya. A kan faffaɗan kuwa ɗigon ya ɗan biyo mu, ya yi jim, sannan ya yi tsalle ya koma bakin gaɓa ya zauna daidai kan mashayar da ke kusa da kasuwar kifi. Na gaya wa Olavo.

"Bar shi," ya ce. "Na san irinsu. Na yi tafiya da su."

Haka muka koma gida da mummunan. Epifanio ya zuba masa taswirar tsibiranmu duka a ciki don kada ya nemi komai daga waje, ya ja masa wayar caji daga batirin jirgi, ya sa na yi alkawari cewa kowace awa zan ɗiga inda muke da fensir a kan tsohuwar taswirar takarda ta Olavo. Ni kuma na ɗinka masa jaka da guntun tsohon filafili, mai ɗan baki kamar na hula, na sa masa igiya na ɗaure a jikin jirgi.

Kafin Maris ya riga ya zama ɗan gida. A kansa nake rubuta awon filafilan mutane, maimakon bayan kwalin ashana. A kansa muke ganin jikoki ranar Lahadi, ƙanana amma ana gane su. Olavo, wanda ya ce ba zai taɓa shi ba, ya gano cewa in ya haska takardar magani da shi zai iya girmama rubutun har ya karanta harafi ɗaya-ɗaya, daga nan kuma ya koma sauraron ƙwallo da shi. Kullum da hantsi muna fita da Rabil cikin ruwan tasha ina koyo. Na koyi cewa launin taswira yana canzawa tsakanin ruwa marar zurfi da mai zurfi, ƙananan lambobin da aka watsa a kai kuwa zurfin wurin ne, ƴar alamar gicciye dutse ne da ke ɓoye. Sau biyu na ce dama alhali hagu nake nufi. Olavo bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ranar tafiya mun ɗaga anka gari na wayewa. Muka bi mashigin da ke tsakaninmu da tsibirin Santo Antao iska na bayanmu, muka zagaya hasumiyar fitila ta kudu, sannan muka juya gabas. Olavo na zaune da sandar tuƙi a ƙarƙashin hammata, fuskarsa a ɗage yana jin iska a kunci. Ni ina gefensa da allo a cinya, ina faɗa masa lambar kamfas da abin da ke gabanmu. Ya ce tsibirai sun zame masa kamar tabon mai a jikin farar riga. Muka wuce tsibirin Santa Luzia inda ba kowa sai tsuntsaye, da wasu ƙananan tsibirai biyu na dutse, na ɗiga fensir sau huɗu, na ba shi burodi da cukun akuya.

Iska ta ƙi ba mu hanyar da muke so, ta riƙa tura mu kudu kaɗan-kaɗan. Ya ce ba komai, za mu rama a gaba. Rana ta kusa tsaka sa'ad da ya daina tauna, ya karkata kai.

"Zu," ya ce, haka yake gajarta sunana Zulmira, "ƙasa ta ƙare."

Na duba kewaye. Ruwa ne kamar na ɗazu. Na duba allo, ɗigonmu na kan tamanin da wani abu.

"Akwai ƙasa. Mita tamanin."

"Ki dai duba."

Ban ɗauke ido ba. A gaban ɗigon akwai wasu layuka da suka matsu da juna kamar tattarar siket, na sha ganinsu ban kula ba. Muka hau na farko, ɗari biyu. Kafin in gyara zama, ɗari biyar. Na ɗaga kai na ga ruwan da kansa ya canza, ya bar kore-koren nan ya koma shuɗi mai duhu kamar an rine shi a baba, hasken rana na shiga cikinsa tsaye-tsaye ba ya dawowa.

"Yaya aka yi ka sani?"

"Ba ki ji ba? A kan tudu raƙuman ruwa gajeru ne, tafiyar akuya suke yi. Nan kuwa ji yadda yake ɗaga mu a hankali ya sauke. Ubana yakan sa in rufe ido in zauna a ƙasan kwalekwale har sai na faɗa masa daidai, in na kuskure in sha ranƙwashi." Ya juyo wajena. "Me allonki ya ce yanzu?"

"Dubu ɗaya da ɗari shida."

"Na me?"

"Mita."

Ya maimaita lambar a hankali. Shekara hamsin yana ratsa wannan wuri. Ya san yana da zurfi, ubansa ya taɓa ƙulla igiyoyin kamun kifi duka a nan bai taɓo komai ba, shi ya sa masunta ke cewa wurin ba shi da ƙasa. Amma ba wanda ya taɓa ba shi lamba.

"Monte Verde nawa ne?" ya tambaya, yana nufin dutsen da ke bayan garinmu, wanda gajimare ke kwana a kansa.

"Bai kai ɗari takwas ba, in ji 'yan makaranta."

"Ashe in aka ɗora biyu a nan, ko kansu ba za mu gani ba."

Tun a gida Epifanio ya nuna mini wata taswira ta biyu a ciki, wadda ke zana ƙasan teku da inuwa kamar an kwashe ruwan. Ban taɓa buɗe ta ba sai ranar. Na matse fuskar allon da yatsu biyu, ɗigonmu ya ƙanƙance, sai na ga abin da ya sa na kama gefen jirgi da ɗaya hannun. Tsibirinmu, da Santa Luzia, da ƙananan duwatsun nan biyu da muka bari a hagu, ashe duk abu ɗaya ne. Doron wani ƙaton dutse ne guda, ya taso daga can ƙasa cikin duhu, abin da muke kira tsibirai ƴan tsinin da suka leƙo ne kawai. Gidanmu, da cocinmu, da kabarin uwata, duk a kan ɗan tsinin nan suke. Mu kuma yanzu mun fito daga kan doron, muna rataye a sama da gangarensa, tsakaninmu da faɗuwa ba komai sai katakon da bai fi kaurin babban yatsana ba.

Jiri ya ɗebe ni kamar wadda ta leƙa daga kan soro.

"Kin yi shiru," in ji Olavo. "Faɗa mini."

Na faɗa masa yadda na iya. Na ce akwai kwaruruka da suka gangara daga Santa Luzia kamar waɗanda ruwan sama ke yankawa a jikin dutse, sai dai waɗannan sun fi garinmu faɗi. Na ce akwai wani hanci da ya miƙo kudu, da wani tudu shi kaɗai a gefe wanda kansa bai iso haske ba. Ya ce in auna masa inda tudun yake daga ƙaramin tsibiri na biyu. Na auna, na faɗa.

"Nan ne muke kama manyan kifayen tuna," ya ce a hankali. "Ba mu san dalili ba. Cewa muke wurin albarka gare shi."

Ya miƙa hannu ta gefen jirgi, feshin ruwa ya jiƙa shi, ya shafa a fuska. Muka ci gaba da tafiya. Lambar ta haura dubu biyu.

Ni na fara ganin ta. Wani farin hayaƙi ya tashi daga ruwa a damanmu, bai fi jifa biyu ba, iska ta kawo mana warinsa kamar na kasuwar kifi da yamma. Sai baya ya fito, baƙi, mai tamoji, yana sheƙi, ya yi ta fitowa har na ga ya fi Rabil tsawo. Baleya ce, ƙatuwar dabbar nan ta teku da ta fi kowane kifi girma. Na sha ganinsu daga nesa, ban taɓa jin numfashinsu ba. Ƙarar kamar an buɗe ƙofar wani babban ɗaki da ya daɗe a rufe.

Olavo ya sassauta filafili da kansa ba tare da ya ce in yi ba, jirgi ya rage gudu. Ya juya kunnensa wajenta yana ƙirga numfashin da leɓe. Ta yi ta hurawa tana kwance, ba ruwanta da mu. Ina gaya masa duk abin da na gani, tabon da ke gefen kanta, tsuntsaye biyu da ke shawagi a bisanta, yadda ruwa ke gangarowa daga bayanta kamar daga rufin kwano. Can sai ta lanƙwasa baya, wutsiyarta ta tashi tsaye, faɗinta ya kai babban filafilinmu in an shimfiɗa, ruwa na zuba daga gefenta. Ta nutse ba ƙara. Inda ta shiga ya bar wata da'ira sumul kamar an zuba mai, raƙuman ruwa na zuwa suna kauce mata.

"Ta tafi?"

"Ta tafi. Kanta ƙasa."

"Gangaren nan za ta bi ke nan," ya ce. "Ita ta san kwarurukan naki ɗaya-ɗaya."

Na dubi lambar da ke ƙarƙashin ɗigonmu, na dubi da'irar da ke ɓacewa a baya. Na yi ƙoƙarin bin ta a zuciyata, ɗari biyu, ɗari biyar, inda haske ke ƙarewa, na kasa wucewa nan. Na yi alamar gicciye. A wannan awa na manta da fensir sam.

Da la'asar duwatsun Sao Nicolau suka tsaya a gabanmu, jajaye, tsagaggu. Olavo ya sa muka rage filafilai tun da nisa, ya ce iskar Tarrafal, tashar da za mu sauka, daga sama take faɗowa ba sallama. Haka kuwa aka yi. Guguwa ta farko ta kwantar da mu har ruwa ya hau gefe, ya wanke ni da allon gaba ɗaya. Na share gilashin da gwiwar hannu, ɗigon na nan. Daga nan har cikin tasha bakina bai huta ba. Dama kaɗan. Riƙe haka. Akwai dutse a hagu, tsawon jirgi goma. Akwai kwalekwale ja a gabanka, wannan ba ya cikin allo, da idona na gani. Mita goma sha biyu, tara, shida. Ya ce in saki anka, na saki, sarƙa ta gudu ta tsaya. Sai na ɗauko ashana in ɗora kofi, na kasa kunna ta. Shi ya kunna mini, da lalube.

Washegari motar ɗaukar kaya ta hau da mu ƙauyen Perpetua, can cikin dutse inda ake noman rake. Tana zaune a ƙofar gida da sandarta, shekara tamanin da biyu, ba ta taɓa taka jirgi ba.

"Auta, an ce ka makance," ta ce.

"An faɗa miki daidai, Yaya."

"To wa ya kawo ka?"

"Zulmira."

Ta dube ni sama da ƙasa kamar yau ta fara ganina, ta ce in zo in zauna a kujerar da ke kusa da ita, wadda ba ta ba kowa.

Bayan an dawo daga coci, an ci masara da naman akuya, maza sun koma gindin mangwaro da kwalbar grogu, giyar raken nan tasu, Olavo ya shiga ba su labari, ina jin zurfin ya kai dubu huɗu a bakinsa. Mata suka ce sai sun gani da idonsu. Allon ya yi ta yawo daga hannu mai maiƙo zuwa wani, har ya iso wurin Perpetua. Na buɗe mata taswirar inuwa, na nuna mata tsibirinsu, na nuna mata inda ruwa ya tsaya, sannan na ja yatsa a kan gangaren har ƙasa.

"Ina gidana?"

"Nan, Yaya Perpetua. Kusa da tsini."

"Duk wannan na ƙasa dutsenmu ne?"

"Duka."

Ta kawo shi daf da hancinta, ta nisanta shi. Ta ce tun tana yarinya take jin tausayin mutanen da ke zaune a saman Monte Gordo, babban dutsen tsibirinsu, saboda hawa, ashe ita ma a sama aka haife ta. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta sa aka kawo mata jaririyar, ta kwantar da ita a cinya, ta ce in juya mata kujera ta fuskanci wajen da teku ke leƙowa tsakanin duwatsu biyu. Da na miƙa hannu zan karɓi allon in sa a caji, ta dafe shi da tafinta.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Sake farawa daga bakin ruwa, ki gangara a hankali. Ɗazu kin yi sauri."